Ƙullin da Mukuy Ta Kwance

Ranar da cibiyar jaririnta ta faɗi, Mukuy ta jiyo surukarta a bayan ɗaki tana goge katako da dutse. Ta san wannan ƙarar. Ita ta ji bara waccan, lokacin ɗanta na fari, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin daɓen ɗakin nan, dab da dutsen niƙa, da ɗan ƙullun masara a bakinsa kamar yadda ake sallamar kowane mamaci. Duk sanda ta durƙusa niƙa sai ta kauce wa wurin da gwiwarta.

A garinmu na Kanha babu uwar da ke barin kan ɗanta ya tashi a dunƙule kamar kabewa. Katako ɗaya a goshi, ɗaya a ƙeya, a yi musu matashi da auduga, a ɗaure da igiya, har wata da watanni, sai kan ya miƙe ya yi tsini irin na Ubangijin Masara wanda daga ƙullunsa aka yi mu. Ba kyau kaɗai ake nema ba. Kurwar jariri baƙuwa ce, ba ta gama yarda da duniya ba, kuma maɗiga ƙofa ce a buɗe. In ba a tsare ta ba, tsawa ɗaya ko haushin kare ya isa ta fice. Wannan ko yarinyar da ba ta iya hura wuta ba ta san shi, balle Mukuy.

Sai dai Mukuy ta san wani abu kuma. Ta san ɗanta na fari lafiya lau ya zo, da ƙiba, da kama nono kamar zai tsinke shi, har ranar da aka ɗaura masa katako. Daga nan ya yi ta kuka, ya yi ta kuka, rannan ya daina. Maƙwabta suka ce iska ce. Ita ba ta musa wa kowa ba, amma a ranta ta ajiye cewa igiya ce ta kashe mata ɗa.

Wadda ta ɗaura igiyar kuwa ita ce dai ke goge katako yanzu. Ish Kayum, uwar mijinta, ungozomar unguwar masu ƙona farar ƙasa. Rabin unguwar ta hannunta suka iso duniya, kuma ko a kasuwa ana gane kan da ta gyara, don ba ya karkata. Tsohuwa ce doguwa, busasshiya, da ɗan koren dutse a haƙoranta na gaba tun na ƙuruciya, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, saboda ba ta dariya. Ba a yi mata musu a kan jariri. Ko dattawan unguwa da ke ɗaga murya a dandali, in ta dube su sai su tuna ta gan su tsirara suna tsala ihu.

Da yamma Tunich, mijin Mukuy, ya dawo daga aiki fari fat har gashin ido. Sarki zai kafa sabon dutse a bikin cikar shekaru, an tara duk masu farar ƙasa su shafe matakalar babban haikali kafin ranar. Ta kawo masa kunun masara da barkono, ta bari ya sha rabi, sannan ta roƙe shi a hankali ya yi wa Iya magana a ɗan jinkirta, ko yaron ya ƙara ƙwari. Tunich ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai, kuma tsoron uwarsa yake ji fiye da tsoron mai kula da aikinsu. Ya ce wannan sha'anin mata ne. Ya shafa dogon kansa, ya ce shi ma ai hannun ne ya ɗaure shi, ga shi nan yana shan kunu.

"So kike a riƙa ce masa ɗan dako, mai kan tulu?" in ji shi. "Haba, Mukuy."

Washegari Ish Kayum ta ƙona turare a gaban murhu, ta kwantar da yaron a ɗan gadonsa na goyo, ta ce wa Mukuy ta riƙe ƙafafunsa. Mukuy ta riƙe, amma ta kau da fuskarta ta dubi bango. Ba ta iya kallo ba. Ta ji kukan ya tashi, ta ji igiya tana zagayawa, ta ciji leɓenta har ya fashe. Haka ta yi ranar, haka kuma ta yi duk ranar da aka kwance don a wanke shi a mayar, fuskarta na bango har a gama.

Ba a jima ba ta fara abin da ta fara. Da zarar an zo kiran Ish Kayum gidan wata mai naƙuda, ko ta fita neman ganye, sai Mukuy ta lallaɓa ta sassauta ƙullin. Ba ta tsayawa duba ko igiyar ta matse ko ba ta matse ba, ita dai igiya ce a kan ɗanta. Sai ta ja bakin ƙullin kaɗan, ta mayar da shi yadda take ganin ta same shi, ta koma kan niƙanta.

Wai ita nan dabara. Macen da ta yi shekaru tana ƙulla wannan ƙulli za a ɓoye wa an taɓa shi? Ish Kayum na shigowa takan tsaya a kan gadon, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ba ta taɓa ce wa Mukuy uffan ba. Sai dai wata rana tana watsa wa talotalo tsaba a tsakar gida ta ce da su, da muryar da za ta kai ɗaki, "Ku ci ku ƙoshi, ku dai ba ku da yatsu. Ɓerayen gidan nan har ƙulli sun iya kwancewa."

Mukuy ta ji kamar ta nutse. Amma da gari ya waye aka kira tsohuwar, sai ta sake. A haka suka zauna, wannan ta sassauta, waccan ta mayar, suna cin abinci a gefen murhu ɗaya, kowace ta san abin da ɗayar ta sani. Yaron kuwa yana shan nono yana ƙiba, kuma Mukuy ba ta da shakkar cewa hannunta ne ke raya shi.

Ranar biki ta zo da zafi irin wanda ke sa karnuka neman gindin tulu. Masu duban kwanaki sun daɗe da tsayar da ranar, don haka babu ƙauyen da bai shigo ba. Ish Kayum ta wuce gaba tare da tsofaffin mata masu riƙe turare. Tunich na can cikin abokan aikinsa suna nuna wa juna inda kowa ya shafe. Mukuy ta goya gadon yaron a baya, maɗaurinsa a goshinta, ta kutsa cikin taro. Haikalin ya sha ja da fari har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Can ƙoli sarki na tsaye cikin fatar damisa da korayen fuka-fukai, ga sabon dutsen a ƙasa lulluɓe da mayafi, rubutunsa na jiran a buɗe.

Yaron ya fara kuka. Ta jijjiga, ta yi masa waƙa, bai yi shiru ba. Kukan ya canja, ya zama siriri mai yankewa, kuma kunnenta ya gaya mata irin kukan ɗanta na fari ne. Ta fasa taron da gwiwar hannu, ta bi ta bayan rumfunan masu sayar da gishiri da zuma, ta gangara bakin tafkin gari inda babban rimin nan yake. Babu kowa, duk an tafi kallo. Ta sauke gadon a tsakanin saiwoyin rimin, kuma wannan karon ba sassautawa ta yi ba. Ta kwance igiyar gaba ɗaya, ta ɗage katakon, ta cire audugar da ta jiƙe da gumi.

Ya yi shiru nan take. Ta ga ɗan goshinsa ya fara kwanciya, ta ga maɗigarsa tana bal-bal a hankali. Ta sa tafin hannunta ta shafa kan, ta sunkuya ta shinshina shi, hawaye suka zubo mata. Rabonta da taɓa kan ɗanta tun yana ɗan kwanaki. Ta ce bari ya ɗan sha iska, kaɗan kawai.

A daidai lokacin, can ƙolin haikali, sarki ya gama zubar da jininsa a kan takardar ɓawo, hayaƙin hadaya ya tashi, aka yaye mayafin dutse. Ƙahonin koɗin teku da manyan ganguna da muryar dubban mutane suka fashe gaba ɗaya, har tsuntsayen da ke kan rimin suka watse. Yaron ya zabura, ya ware hannuwa da ƙafafu kamar wanda aka saki daga sama. Bai yi kuka ba. Idanunsa suka tsaya a kan rassan rimin, bakinsa a buɗe. Mukuy ta rufe maɗigar da hannu, ta mayar da katakon a gigice, ta ƙulla yadda ta iya, tana gaya wa kanta ba komai, ai ta yi sauri.

Da gari ya waye ya ƙi nono. Ta sa masa, ya kau da kai. Jikinsa ya ɗau zafi, cikinsa ya tsinke, kafin rana ta ɗaga idanunsa sun faɗa. Da Ish Kayum ta kwance katakon, maɗigar nan ta lotsa kamar an danna ɗanyen ƙullu da yatsa. Tsohuwar ta kama wuyan hannunsa ta daɗe tana sauraron jininsa, sannan ta ce wa Tunich kada ya fita aiki yau.

"Gidan nan babu kowa a ciki," in ji ta, tana duban yaron. "Kurwar ta fita."

Ta ɗauki ɗan gora da reshen ganye da zanen yaron, ta bi kusurwoyi huɗu na ɗakin tana hura bakin goran yana ƙara, tana kira. Ta je ɗakin surace inda ake yi wa mai jego wanka, ta je gindin murhu, ta je bakin ƙofa. Ta dawo ta sake kama hannunsa, ta girgiza kai. Ta ce da Tunich, ba da Mukuy ba, kurwa a inda ta faɗi ake kiranta, ba ta jin kira daga nesa. Ta ce kurwar ta riga ta kwana ɗaya a waje, in rana ta sake faɗuwa a kanta mutanen ƙarƙashin ƙasa za su tsince ta, kuma su ba sa mayar da abin da suka tsinta. Ta ce ita dai ta san ɓeran gidan nan rabi yake kwancewa, kuma rabi bai isa kurwa ta fita ba, sai dai in an buɗe mata a wani wuri da ita ba ta sani ba. Daga nan ta zauna a bakin ƙofa ta juya musu baya, tana tsinke ganye.

Tunich ya dubi matarsa yana neman ta ce wani abu, don shi bai fahimci zancen ɓera ba. Mukuy ta rungume yaron ta sunkuyar da kai. Tsoro ya cika ta. In ta faɗa, ta zama uwar da ta buɗe kan ɗanta a gindin rimi, itacen da saiwarsa ke kaiwa har lahira, a ranar da aka buɗe ƙofofin sama da ƙasa. Mahaukaciya ma ba ta yin haka. Tunich zai iya mayar da ita gidan ubanta, kuma babu wanda zai ce ya yi laifi. Ta ce a ranta wataƙila zafin jiya ne kawai, wataƙila anjima zai kama. Ta matsa nonon ta ɗiga masa a leɓe, ya gangaro ta gefen bakinsa.

Inuwar ɗaki ta dawo gindinsa, ta fara miƙewa ta ɗaya gefen. Mukuy na kallonta tana tafiya a tsakar gida. Yaron ya buɗe baki zai yi kuka, sauti bai fito ba. A nan ne ta ga ba ta damu da gidan ubanta ba, ba ta damu da bakin unguwa ba. Ta rarrafa da gwiwa har bayan tsohuwar.

"Iya, a gindin rimi ne. Bakin tafki. Duka na cire."

Tunich ya miƙe tsaye. Uwarsa ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwayo ba, ya koma ya zauna. Mukuy ta jira zagi, ta jira mari, da ma ta fi son su. Ish Kayum ta tattara ganyenta kawai ta ce, "Wane gefen rimin? Tashi ki nuna mini. Kai kuma riƙe ɗanka, ka sa hannu a kansa, kada ka ɗaga ko ɗakin ne ya kama wuta."

Bakin tafkin cike yake da mata masu ɗiban ruwa, kowa na wanke gajiyar biki. Da suka ga ungozoma da gora da zanen jariri, surukarta na biye da ita ba goyo, sai hira ta mutu. Ish Kayum ta durƙusa tsakanin saiwoyin, inda har yanzu ga guntun audugar jiya a ƙasa. Ta ƙona turare, ta zuba ɗan kunu, ta roƙi iskoki masu wurin da ladabi su saki abin da ba nasu ba. Ta share ƙasar da reshen ganye zuwa cikin zanen, ta ɗebi ruwa a goran. Sannan ta miƙa wa Mukuy zanen.

"Ke kika buɗe masa, muryarki zai bi. Ki kira da ƙarfi, ki faɗa masa abin da kika yi, kada ya zaci korarsa aka yi. Kuma kada ki waiwaya har gida."

Mukuy ta dubi matan. Akwai maƙwabtanta a ciki, akwai waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Ta damƙe zanen a hannu. Tsohuwar ta dubi rana, ita ma ta duba, ta ga ta karkata.

"Taho, ɗana," in ji ta, da murya kamar ba tata ba. "Ni ce na cire maka katako. Ni ce na bar ka a buɗe, ba korarka na yi ba. Taho gida, ga nono, ga wuta, ga ubanka. Kada ka tsaya wasa da tsuntsaye."

Haka ta bi hanya tana jan zanen a ƙasa, tana kira, tana maimaita laifinta ta gaban rumfunan gishiri, ta gaban ramukan ƙona farar ƙasa inda abokan mijinta suka dakata da aiki suna kallo. Ish Kayum na biye tana hura gora tana share hanya da ganye. Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ma ta janye karenta daga hanya, ta riƙe masa baki har suka wuce.

A ɗaki suka tarar da Tunich yadda suka bar shi, hannunsa ya sandare a kan yaron. Ish Kayum ta lulluɓe jaririn da zanen, ta hura masa a maɗiga, ta haɗa ruwan goran da tafasasshen ganye da zuma da ɗan gishiri, ta riƙa ɗiga masa da zaren auduga, ɗigo bayan ɗigo, ba gaggawa. Ta daɗe tana yi. Can maƙogwaronsa ya motsa. Ta sake kama wuyan hannun, ta saurara, sai ta jawo katakon ta shimfiɗa sabuwar auduga. Ta miƙa wa Mukuy igiyar.

"Rufe masa. Yau ba bango za ki kalla ba."

Mukuy ta karɓa. Ta zagaya igiyar, kuma duk tsoron da ya sa ta kwancewa a da, yanzu ya juyo ya koma cikin damtsenta. Kada ta sake fita, kada a bar ko kafar allura. Ta ja da iyakar ƙarfinta, yaron ya yi 'yar ƙara. Tsohuwar ta buge mata hannu.

"Kashe shi za ki yi?"

Ta sassauta igiyar da kanta, ta kama hannun Mukuy, ta cusa yatsunta biyu a ƙarƙashin igiyar daidai bayan kunne, suka shige ba wuya, sannan ta ƙulla a kansu.

"Yatsa biyu. Tun ranar farko haka nake bar masa. Da kin taɓa juyo da fuskarki da kin gani."

Mukuy ta tsaya da yatsunta a wurin, tana jin ɗumin kan ɗanta a bayansu. Ta tuna lokacin ɗanta na fari, ranar da ta nemi sa ko farce a ƙarƙashin igiya ya ƙi shiga. Maganar ta fito kafin ta tare ta.

"Na farin fa, Iya?"

Ish Kayum ta ci gaba da naɗe ragowar audugar. Ta naɗe ta, ta warware, ta sake naɗewa.

"Shi ba a bar masa ba," in ji ta.

Ta miƙe ta ɗauki tukunya za ta ɗora ruwa. Hanyar murhu ta gefen dutsen niƙa take, kuma sai yau Mukuy ta lura tsohuwar ba ta bi miƙe ba. Ta ɗan karkata, ta ɗaga ƙafa ta zagaye wannan ɗan wurin na daɓe, ba tare da ta dubi ƙasa ba, kamar wadda ƙafarta ta daɗe da haddace shi.

Mukuy na cikin kallonta ta ji abu na goga mata ƙirji. Yaron ne ke juya baki yana lalube. Ta sa masa, ya saki, ya sake lalubowa, ya kama da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ta so ta kira Iya ta gani, kuka ya riga ta. Ta zauna a haka tana kuka, hannu ɗaya na tallafe da shi, yatsu biyu na ɗayan suna ƙarƙashin igiya, ba ta ja ba, ba ta kuma kwance ba.